Daga Mai Jar Tuta Zuwa Na'urar Cikin Mota: Tarihin Tsallaka Layin Dogo

A wannan karon na ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari domin in taɓo wani tarihi da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya, wato tarihin yadda ɗan'adam ya yi ta neman dabarar da zai sanar da mai tsallaka layin dogo cewa ga jirgi nan tafe. Na san wani zai ce, to me ya haɗa mutumin Bagudo da jirgin ƙasa? Tambayarsa tana kan hanya, domin kuwa duk faɗin Jihar Kebbi, daga Argungu har Yawuri, daga Zuru har Kamba, babu layin dogo ko na taku ɗaya. A wajenmu idan ka ce jirgi a Lolo ko Illo ko bakin Tuga, abin da zai faɗo wa mutum a rai shi ne na katako, wanda ke ratsa kogin Kwara ɗauke da mutane da babura da buhunan shinkafa. Da yawa daga cikinmu mun girma har mun ajiye iyali ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa da kunnenmu ba.

To amma fa mu mutanen hanya ne. Yaranmu ne ke jan tirelolin shanu da albasa zuwa Legas, su ne kuma suka yi shekaru suna zuwa Kwatano suna koro motoci ta Faraku da Kandi da Segbana su shigo ta Tsamiya. Duk waɗannan hanyoyi akwai inda suke gicciye layin dogo. Yaron da ya koyi tuƙi tsakanin Bagudo da Ka'oje ya san sharrin rami, ya san na saniyar da ta faɗo titi ba sallama, ya san yadda ake lallaɓa mota a cikin laka, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa abin da ake yi a bakin dogo. Saboda irinsa na ɗauki alƙalami.

Dogon da ya tsaya a hanya

Bari mu soma da yadda aka yi dogo ya tsallake mu. A 1907 Turawan Ingila suka fara shimfiɗa layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, a zamanin Gwamna Percy Girouard wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Layin ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da wanda ya taso daga Legas. Talakawa ne suka yi aikin da diga da kwando, mafi yawansu ta hannun sarakuna aka tattaro su, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya tsara Waƙar Diga a kan abin da ya gani. Bayan haka aka fitar da reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929 domin kwasar auduga da gyaɗa. Wani reshen ya kai Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai a 1964 aka gama shi. Na Ƙauran Namoda shi ne ya fi kusa da mu, amma ko Sakkwato bai kai ba, balle ƙasar Gwandu.

A ɗaya ɓangaren iyaka ma haka labarin yake. Bayan yarjejeniyar 1898 da ta raba ƙasar Borgu tsakanin Ingila da Faransa, ta bar Illo a hannun Ingilishi, Faransawa sun taso da nasu layin daga Kwatano da niyyar kai shi bakin kogin Kwara. Ya isa Faraku a 1936, tafiyar kilomita 438, a nan ya ja birki. A 1959 Dahomi da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa da za ta riƙa kula da shi, sai ya zama ana ɗauko kaya a jirgi zuwa Faraku, a sauke, a loda wa manyan motoci su ƙarasa da su Malanbil da Gaya. Can a 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara wani layin daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a 2016, amma rigimar shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin ta tsayar da komai, layin ya zauna babu jigila. Ka ga ke nan dogo uku ne suka nufo yankinmu, na Ƙauran Namoda da na Faraku da na Doso, kowanne ya gaji ya kwanta kafin ya iso.

Su ma garuruwan da suka samu dogon, a hankali suka manta da shi. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a 1955 ta yi tashe, sannan daga shekarun 1980 ta shiga ja da baya, har aka kai lokacin da za a yi makonni ba a ga jirgi ba. Duk wanda ya zauna Kano ko Zariya ko Kaduna a farkon shekarun 2000 ya ga yadda masu tebur suka baje tumatir da gwanjo a kan ƙarafan layi, awaki suka mayar da tsakaninsu makwanci. A Benin ma jirgin fasinja ya daina bin layin Faraku tun cikin waɗannan shekarun. Wata shekara da na kai littattafai wajen masu sayar mana a zangon Faraku, na zauna a gaban mota kusa da direba, wani ɗan ƙasarmu, muka zo inda titi ya hau dogo ya wuce ko ɗaga ƙafa bai yi daga totur ba. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga dogo ai ya mutu tun ina yaro." Mai yiwuwa a ranar gaskiyarsa ne. Abin tsoron shi ne da wannan ɗabi'ar zai shiga Agege gobe, inda dogon yake da ransa.

Kuma dogon ya farfaɗo. A Disambar 2012 jirgin fasinja ya dawo tsakanin Legas da Kano. A 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, a 2021 na Legas zuwa Ibadan, a Fabrairun 2021 kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Dubi abin da ya faru a Kubuwa. An dakatar da jirgin Abuja zuwa Kaduna bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022, bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Ba a yi mako biyu da dawowarsa ba ya banke wata mota da ke tsallaka layin, matar da ke ciki ta rasu. Wata takwas kacal aka yi babu jirgi. Sai kuma ranar 9 ga Maris 2023, a Ikeja, jirgi ya kwashe wata babbar bas ta ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata, alhali masu tuta suna wurin, sun kuma ɗaga wa direban cewa ya tsaya.

Me ya sa jirgi ba ya yafewa?

Mai mota yakan auna jirgi da ma'aunin mota, a nan kuskuren yake farawa. Tayar roba tana damƙe kwalta, shi ya sa da ka taka birki take kama ƙasa. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsin da ya sa kan jirgi ɗaya ke iya jan taragai masu ɗimbin nauyi, shi ne kuma ya sa ba ya tsayawa da wuri. Amurkawa sun auna cewa jirgin kaya mai gudun kusan kilomita 90 a awa yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya bayan an danne birki. Wato lokacin da direban jirgi ya hango ka a kan layi, aikin gama ya riga ya gama. Ba shi da sitiyarin da zai murɗa ya kauce maka.

Sannan ido ma yana yaudara. A 1985 wani masani a Amurka mai suna Herschel Leibowitz ya yi bayanin cewa babban abu idan yana tafe sai ido ya ga kamar a hankali yake zuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon jirgin alhazai zai sauka a filin Malam Aminu Kano ya san haka, sai ka ga kamar an rataye shi a sama, alhali gudunsa ya zarce na motocin da ke kan titi. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan tirela mai lodi ta ɗauki daƙiƙa 10 kafin wutsiyarta ta bar layi, a cikin wannan ɗan lokacin jirgin ya shafe mita 280. Direban da ya leƙa ya ga fitila can nesa ya ce zai wuce, da waɗannan lambobi yake caca bai sani ba.

Yadda gargaɗi ya taso

Tun jirgi yana jariri aka fara wannan rigima. Ana ba da labarin cewa a 1833, a Ingila, wani kan jirgi ya banke keken doki da ke tsallaka layi ɗauke da man shanu da ƙwai zuwa kasuwa, kuma dalilin wannan ɓarna ne aka ƙera wa jirgi ƙahon da tururi ke busawa, wanda ya zama kakan usur ɗin da muka sani. A 1839 majalisar Ingila ta yi doka cewa duk inda dogo ya gicciye hanyar jama'a, dole kamfanin jirgi ya kafa ƙyaure ya kuma ajiye mutumin da zai riƙa buɗewa da rufewa. Daga nan aka samu maigadin dogo, da ɗan ɗakinsa a bakin layi, da jar tutarsa da rana, da fitilarsa da dare. Shi Turawa suka kawo mana, shi ne kuma har yau muka fi dogaro da shi.

Sai dai mutum yana gajiya, yana barci, yana zuwa jana'iza, wani lokaci albashinsa ya maƙale ya tafi neman abin da zai ci. A Nuwambar 2012, a Manfalut ta ƙasar Masar, jirgi ya afka wa motar 'yan makaranta, yara kusan 50 suka rasu, rahotanni suka ce mai tsaron wurin barci yake yi, har ministan sufuri ya ajiye aiki. Irin wannan rauni ne ya sa tun da wuri aka nemi yadda jirgi zai riƙa sanar da zuwansa da kansa.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne William Robinson, a Amurka, a 1872. Ina roƙon mai karatu ya natsu a nan, domin dabarar wannan mutum ita ce zuciyar abin da nake son faɗa. Ya saka wa ƙarafan layi biyu wutar batir mai rauni, tana zagayawa ba yankewa, ta je ta riƙe wani maganaɗisu. Muddin maganaɗisun yana riƙe, alama tana nuna hanya lafiya. Da jirgi ya hau wannan yanki, ƙafafunsa da sandar ƙarfen da ta haɗa su sai su gajarce wa wutar hanya, maganaɗisun ya saki, alamar haɗari ta faɗo. To ga inda hikimar take. Idan batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko ƙarfen layi ya karye, nan ma maganaɗisun saki zai yi, alamar haɗari ta faɗo. Na'urar da ta lalace ihu take yi a tsaya. Gara ta tsayar da kai a banza sau goma da ta bar ka ka wuce sau ɗaya jirgi yana tafe.

A kan wannan dabara aka gina sauran. Aka sa ƙararrawa mai kaɗa kanta. A 1909 wani injiniya a Kalifoniya, Albert Hunt, ya ƙera wani jan faifai mai fitila a tsakiya da ke lilo hagu da dama kamar mutum na kaɗa fitila da hannu. Daga baya aka zo da jajayen fitilu biyu masu ƙiftawa, sannan sandar da ke sauka ta tare hanya da kanta, wadda Ingila ta fara amfani da ita a 1961. Ita ma sai da ta ci rai kafin a gane iyakarta. A Janairun 1968, a wani wuri da ake kira Hixon, wata doguwar mota ɗauke da taransifoma mai nauyin tan 120 tana rarrafawa a kan layi sandar ta fara sauka. An tsara wurin ne ya ba da gargaɗin daƙiƙa 24 kafin isowar jirgi, wanda ya ishi ƙaramar mota amma bai ishi irin wannan kaya ba. Mutum 11 suka mutu. Bayan bincike aka tsaurara ƙa'idar cewa mai doguwar mota ko mai nauyin da ba ta sauri sai ya buga waya ya nemi izini kafin ya hau layi.

Gargaɗi ya shiga cikin mota

Duk waɗannan dabaru a waje suke, a bakin titi. Ita kuwa mota kullum ƙara rufuwa take yi, ga gilashi a ɗage, ga iyakwandishan, ga rediyo, yanzu kuma ga waya a kunne. A Oktoban 1995, a wani gari kusa da Shikago, motar 'yan makaranta ta tsaya a danja bayanta yana kan layi, direbar ba ta ankara ba, hayaniyar cikin motar ta hana ta jin usur ɗin jirgi, ɗalibai 7 suka mutu. A Afrilun 2018, a Kushinagar ta Indiya, yara 13 suka halaka a wata mashiga da babu shinge, aka ce direban ya toshe kunnuwansa yana sauraren waƙa. Masana suka ce tunda gargaɗin waje ba ya ratsa gilashi, bari a shigar da shi ciki, ya yi magana a gaban direba.

Hanya uku aka bi. Ta farko, a kafa ƙaramar tashar rediyo a bakin mashiga, a haɗa ta da wayar Robinson, da jirgi ya taho sai ta aika saƙo ga wani ɗan akwati da ke gaban mota, ya yi ƙara ya kunna fitila. An gwada haka a motocin 'yan makaranta a Jihar Minesota a ƙarshen shekarun 1990, aka kuma gwada a Ilinoyi da motoci kimanin 300 a mashigai 5 na wani layi da ke arewacin Shikago. Ta biyu, shi kansa jirgin ya riƙa karanta inda yake daga tauraron ɗan'adam, ya shelanta matsayinsa da gudunsa, ko dai kai tsaye ga motocin da ke kusa, ko ta layin wayar salula zuwa wata kwamfuta da za ta tura wa wayar direba. Bayan da tirela ta yi karo da jirgin fasinja a Kerang ta Ostireliya a 2007 mutum 11 suka mutu, Jami'ar La Trobe ta jagoranci gwajin irin wannan a Jihar Biktoriya. Ƙasashen Turai ma sun gwada tsakanin 2017 da 2020, inda aka saka wa direbobin tasi na birnin Tasalonika a Girka manhaja a waya tana faɗa musu sun kusa dogo, da kuma lokacin da ake sa ran isowar jirgi.

Ta uku ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta fi yaɗuwa: taswirar cikin waya. A Fabrairun 2015 wani direba a Oxnard ta Kalifoniya, yana bin taswirar waya da duhun asuba, ya karya kwana ya hau kan layi yana zaton titi ne, jirgi ya zo ya banke motar. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta nemi kamfanoni irin su Google da Apple su saka mashigan jirgi a taswirorinsu, a 2020 kuma manhajar Waze ta fara sanar da direbobi a wasu ƙasashe idan sun tunkari dogo. Sai dai a lura, ita wannan cewa take yi akwai dogo a gabanka. Ba ta san ko akwai jirgi a kansa ba.

Shirun na'ura

Ban raina waɗannan dabaru ba ko kaɗan. Kafa fitilu da sanda a kowace mashiga kuɗi ne mai yawa, waya kuwa tana aljihun kowane direba, har ɗan kabu-kabu. Ga yaron Bagudo da ya shiga Ilori ko Kaduna cikin dare bai san gari ba, muryar da za ta ce masa dogo na gabanka, rage gudu, babbar kyauta ce. Amma gwaje-gwajen nan sun bar darasi biyu da ya kamata mu riƙe kafin a kawo mana kayan a kwali a ce mu yi tafi.

Na farko, ƙarya. Babbar matsalar da gwajin Ilinoyi ya gamu da ita shi ne akwatin yakan yi kuka babu jirgi. Direban da aka tsorata sau uku a banza, a na huɗu ko kallon na'urar ba zai yi ba, wani ma cire mata waya zai yi ya huta.

Na biyu ya fi tsanani, shi ne shiru. Ka tuna na'urar Robinson idan ta lalace haɗari take nunawa. Wayar aljihu kuwa idan cajinta ya ƙare, ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko an manta ba a kunna na'urar da ke kan jirgi ba, shiru za ta yi. Kuma shirun da take yi idan ta mutu daidai yake da shirun da take yi idan babu jirgi, direba ba shi da yadda zai bambance su. Wanda ya shekara yana jin ta tana yi masa gargaɗi, ranar da ta yi shiru zai ɗauka hanya lafiya ce ya danna kai. Masu magana sun ce sabo turken wawa. A ƙasashen da aka yi gwajin ma ƙari aka ɗauke ta a kan fitila da sanda, ba a cire ko ɗaya daga cikinsu ba saboda ita.

Mu kuwa wa zai koya mana ɗaukewar sabis? Duk mai bin hanyar Ka'oje zuwa Tsamiya ya san inda waya ke zama kurma, da inda take sakin layin Nijeriya ta kama na Benin. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, har da Gusau da Ƙauran Namoda inda tsohon dogo ya ratsa, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina, ciki har da Jibiya inda sabon layin Maraɗi zai bi. Makonni aka yi haka. Da a ce a lokacin rayukan masu tsallaka dogo sun rataya ga saƙon waya, da wa zai gaya musu jirgi na tafe?

Abin da ya rage mana

Tarihin nan ya nuna gargaɗi yana ta matsowa kusa da direba, daga usur ɗin jirgi zuwa ƙyauren bakin titi, daga tutar maigadi zuwa fitila, daga fitila zuwa cikin aljihu, kuma kusan kowane mataki sai da aka binne mutane kafin a taka shi. Tunda wasu sun riga sun biya wannan farashi, bai kamata mu sake biyansa da 'ya'yanmu ba.

Maganin da babu shakka a kansa shi ne a raba titi da dogo, kamar gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a Agege a 2021. Sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin da layin Kano zuwa Maraɗi ya ratsa ƙasarsu, yanzu ne lokacin da za su dage a yi musu gada ko hanyar ƙarƙashi a inda mutane da shanu da amalanke suka saba bi ranar kasuwa, domin inda aka toshe wa jama'a hanya ba a ba su wata ba, da ƙafarsu za su fasa sabuwa. Indiya da take da dubban mashigai marasa mai tsaro ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ta rufe, wasu ta yi musu gada, wasu ta sa mutum, har ta ba da sanarwa a farkon 2019 cewa ta gama da su a manyan layukanta. Inda gada ba ta samu ba, a sa sanda da fitila irin waɗanda ke nuna haɗari idan sun lalace, a kuma riƙa biyan maigadi haƙƙinsa a kan kari. Bayan wannan ne na'urar cikin mota za ta yi amfani, da sharaɗin a fara ƙidaya mashiganmu duka a saka su a taswira, a kuma tsara ta yadda idan ta rasa labarin jirgi za ta buɗe baki ta ce ba ta da labari, da Hausa, yadda direba zai ji.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya buƙatar kwangila. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashar Bagudo da Kamba da Jega, da jami'an hukumar kiyaye haɗurra, su riƙa koya wa duk yaron da zai fara doguwar tafiya waɗannan abubuwa. Idan ka zo dogo, ko da ka ga ciyawa ta rufe shi, rage gudu, sauke gilashi, kashe rediyo, dubi hagu da dama, in babbar mota ce ka sauke yaron mota ya duba maka. Kada ka hau layi sai ka ga filin da zai ɗauke motarka duka a ɗaya gefen. Kada ka canza giya a kan ƙarfe. Idan jirgi ɗaya ya wuce a inda layi biyu ne, ka jira ka tabbata babu na biyu. In kuwa mota ta mutu maka a kan layi ga jirgi tafe, fitar da kowa, ku bar kaya, ku gudu nesa da layin ta ɓangaren da jirgin ke tahowa, domin tarkacen karo gaba yake watsuwa. Albasa ana sake nomawa.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai karatu, in kana da ƙane ko ɗa ko miji da ke bin hanya, ka karanta masa wannan, ko ki karanta masa, tun kafin lodi na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.